Safiyar da Bututun Hita Ya Yi Shiru

Mantuwa ta fara kama ni kamar yadda take kama kowane dattijo. Sai in yi ta neman tabarau alhali yana goshina. Amma akwai wata safiyar Talata a gidanmu na unguwar Camberwell a Landan wadda na tabbata ko ƙwaƙwalwata ta zubar da komai, ita tana nan daram har ranar da za a sa ni a ƙasa. Zan faɗe ta bi da bi yadda ta faru, domin ni ban iya fara labari daga tsakiya ba.

Da farko sai in faɗi ko ni wane ne. Mutumin ƙasar Kano ne ni, karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba. Daga nan na shiga sojan ruwa, ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi rafin garinmu faɗi ba. Na yi shekara goma sha biyu a ɗakin inji, na fito ba a taɓa rubuta mini laifi ko ɗaya ba. Aikin direba ne ya kawo ni Landan tare da wani maigida. Da ya koma gida ni na zauna, na samu aiki a babban asibitin unguwarmu, ina tura marasa lafiya a gado ko a keke daga wannan sashe zuwa wancan. Soja ya bar mini hali guda, komai da lokacinsa, komai da layinsa. Takalmi yana da wurinsa, makulli yana da ƙusarsa. Iyalina sun sha fama da wannan hali, ni kuwa a lokacin gani nake shi ne adona.

Benen da muke ciki na council ne, wato gidajen haya na ƙaramar hukuma, mai hawa huɗu, mu muna hawa na biyu. A samanmu daidai wani tsoho mutumin Rasha ya tare. Ya zo ƙasar ne wajen 'yarsa tilo bayan rasuwar matarsa, daga baya aiki ya mayar da 'yar wani gari can arewacin Ingila, shi kuwa ya ce ya gama ƙaura, ya zauna shi kaɗai. Ban san duk wannan ba a lokacin. Abin da na sani kawai shi ne, tunda ya tare kullum da hantsi sai mu riƙa jin ƙwas-ƙwas a saman kanmu, kamar ana buga ƙaramar ƙusa. Ban yi gaggawa ba. Na samu takarda na yi mako biyu ina rubuta rana da lokaci, sannan na sa rigata mai kyau na hau sama da takardar a hannu.

Ya buɗe ƙofa, dogo ne siriri, kansa fari fat. Na fara karanta masa ƙorafina, sai ya yi mini alama da hannu in shigo. Ina shiga ya fashe da dariya, ya nuna ƙafata ya ce, "Matros!" Wato sojan ruwa da yarensu. Ashe wajen shiga na ɗaga ƙafa sama na kuma sunkuyar da kai. Ƙofofin jirgin yaƙi suna da dokin ƙofa mai tsawo don tare ruwa, duk wanda ya daɗe a ciki haka yake shiga ɗaki har ya tsufa. Ni kaina ban san ina yi ba sai ranar. Tun daga nan bai sake kirana da wani suna ba. Ni kuma da na ji muƙamin da ya riƙe, sai na riƙa ce masa Cif, kamar yadda muke kiran manyanmu a jirgi. Turancinsa guntu-guntu ne, nawa ma ba na makaranta ba ne, amma mun fahimci juna.

A kan teburin falonsa na ga abin da yake bugawa. Jirgin ruwan yaƙi ne yake ƙerawa da katako da gwangwani da waya, tsawonsa ya kusa kamu biyu, an shafe shi da fenti ruwan toka. Na ninke takardata na sa a aljihu, ban sake fito da ita ba.

Ranar ban sauko ba sai da azahar ta kusa fita. Ya ɗauki tsinke ya bi da ni jirgin tun daga hanci har wutsiya, bai tsallake komai ba, abin da ya sa na ji mutumin ya kwanta mini a rai. Ya ce irin wannan jirgi guda bakwai aka ƙera a zamanin Tarayyar Sobiyet, a wani gari kusa da Bahar Aswad, kuma babban aikinsu shi ne farautar jiragen yaƙi masu tafiya a ƙarƙashin ruwa. A ƙasan hancin akwai wani ƙullutu, ya ce nan kunnen jirgin yake. Sai ya nuna wasu dogayen akwatuna a dama da hagun ɗakin kyaftin, kowanne da baki huɗu. A ciki makamai masu linzami suke, amma ba irin waɗanda na sani ba. Shi wannan in an harba shi tashi yake yi kamar ƙaramin jirgin sama, yana ɗauke da nakiya. In ya isa inda ake zaton abokin gaba yana ɓoye, sai ya sake ta da laima ta faɗa ruwa, ita kuma ta bi ƙarar farfela da kanta har ta cim masa. Sai makaman kakkaɓo jiragen sama, sai bindigogi, sai wani ƙaton bututun hayaƙi a tsakiya. Can a wutsiya akwai fili da ɗakin helikwafta guda ɗaya, wanda bai gama ƙerawa ba tukuna.

Ni ɗan ɗakin inji ne, don haka na tambaye shi injin. Ya ce ba irin namu na dizal ba ne, irin na jirgin sama ne, mai tashi nan take ba sai an jira ya yi zafi ba. Sai ya harare ni ya ce, "Ku 'yan inji ku ne abokan gabata, ba Amurka ba. Ni ina so in ji numfashin kifi, ku kuna ta ruri a ƙasa kamar shanu."

Na ce, "Cif, ba don shanun ba ai da ba ku je ko'ina ba."

Ya ce, "Haka duk kuke faɗa. A kowace ƙasa bakinku ɗaya."

Shi aikinsa sauraro ne. Yana zaune a wani ɗaki mai duhu a cikin cikin jirgi, da abin ji a kunne, awa huɗu ba motsi, yana rarrabe ƙarar da teku ke kawowa. Wannan kifi ne, wannan jirgin kaya ne, wannan kuwa wani ne yake tafiya a hankali don kada a ji shi. Ya ba ni labarin wani jirgin ƙarƙashin ruwa da suka yi kwanaki suna bi a Bahar Rum, ya ɓace musu ya dawo, ya sake ɓacewa. Ya ce bai taɓa ganinsa da ido ba, amma ya san shi kamar yadda ya san tarin matarsa a cikin taro. Har ya bar aiki ba su harbi kowa ba, ba a kuma harbe su ba. Na tambaye shi ina jiragen suke yanzu. Ya ce babu ko ɗaya a bakin aiki, wasu an yayyanka an sayar da ƙarfen, ɗaya kuma da gangan aka nutsar da shi don a toshe wata mashigar ruwa. Ya faɗi haka yana gyara wata 'yar waya a kan jirginsa na katako, bai ɗago kai ba.

Kunnen nan nasa bai tsufa tare da shi ba. Shi ya fara gaya mini famfon kicin ɗinmu yana ɗiga, kafin mu da muke cikin gidan mu lura. Ya san lokacin da nake tashi alwalar asuba. Ya ce yana gane tafiyata a matakala domin ina ɗan jan ƙafar hagu, gaskiya kuwa gwiwar tana damuna. Uwargidana, wadda ta sa masa suna Baban Sama, takan ce mini, "Malam, ka rage faɗa a gidan nan, ko raɗa ka yi akwai mai ji." Ranar Juma'a takan zuba masa shinkafa da miya in kai masa, shi kuma ya dawo da kwanon a wanke da 'yan alewa a ciki.

Wani hunturu mura mai tsanani ta kwantar da shi kwana uku ba wanda ya sani. Da ya warke sai ya zo mini da shawara. Akwai bututun hita, mai ɗumama ɗaki, da ya taso daga falonsa ya ratso ta namu. Ya ce kullum ƙarfe bakwai na safe zai buga shi da cokali sau biyu, ni kuma in mayar sau biyu, kamar yadda kowane ɗaki a jirgi yake ba da rahoto cewa lafiya lau. In zai yi tafiya wajen 'yarsa zai gaya mini tun ana gobe. Na karɓa da murna, don irin abin da nake so ke nan. Shekara uku muka yi a haka, ba fashi ko na rana ɗaya.

To, sai ranar Talatar.

Aikin yamma nake da shi, don haka ina gida. Bakwai saura minti biyu na zauna kusa da bututun da cokalina, kamar kullum. Bakwai ta buga, shiru. Na duba agogon hannu na duba na bango, duka daidai suke. Na ba shi minti biyar. Sannan ni na fara bugawa, sau biyu. Shiru. Uwargida ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu ta ce, "Malam, yau ban ji Baban Sama ba."

Na ce, "Na sani. Zan hau bakwai da kwata."

Bakwai da kwata na hau. Na danna ƙararrawa na jira. Na sake dannawa na jira. Na danna ta uku, na kira shi, "Cif!" Ba amsa. A nan ne zan roƙi mai karatu ya fahimci irin gidan da na fito, ba don in wanke kaina ba, sai don a san yadda abin ya kasance. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, bai ɗauki maganar ƙofar mutane da wasa ba. Ya koya mana cewa in ka je gidan wani sallama uku ce, in ba a amsa ba ka juya. Ba ka leƙe, ba ka kasa kunne, ba ka taɓa ƙyaure. Ina yaro na taɓa leƙa zauren maƙwabcinmu ta kafar asabari, dukan da na sha ranar har yau ina tuna shi. Ƙofar tsohon nan kuwa tana da kafar jefa wasiƙa irin ta gidajen ƙasar nan, da ɗan murfin ƙarfe. Na dube ta. Na san in na durƙusa na ɗaga murfin zan ga tsakar gidan har ƙofar banɗaki. Hannuna ya ƙi. Na ce a raina wannan leƙe ne, wataƙila mutum yana wanka, wataƙila ba sutura a jikinsa, wataƙila ya yi baƙuwa. Na tsaya ɗan lokaci, na juya na sauko.

Makulli kuwa ba ni da shi, kuma laifina ne. Ya taɓa miƙo mini ɗaya, na ce a'a, sai mun je ofishin masu kula da gidajen an rubuta cewa yana hannuna, don kada wata rana wani abu ya ɓace a rasa ta cewa. Muka yi ta sa rana har maganar ta shiririce.

Da na sauko na tsara abin da zan yi. Zan fara kiran 'yarsa, domin ita ce mai haƙƙi. In ban same ta ba in kira ofishin gidaje in sun buɗe ƙarfe tara. In su ma ba su yi komai ba, sannan a yi maganar hukuma. Na kira 'yar, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, na bar mata saƙo cikin ladabi. Daga baya na ji tana wurin aiki ne inda ba a shiga da waya. Na zauna jiran ƙarfe tara, ina shan shayi. Wannan shayin yana cikin abubuwan da ban yafe wa kaina ba.

Tara ta yi na kira ofis, na daɗe a layi kafin wata mata ta ɗauka. Ba zan ɗora mata komai ba, ta faɗa mini gaskiya. Ta ce za ta turo mai makulli amma sai zuwa rana, in kuwa ina tsoron wani abu ya same shi, in ajiye wayarta yanzu in kira motar asibiti. Na yi godiya na ajiye. Ban kira ba. Ni da nake aikin asibiti na sha yin tsaki a kan masu kiran motar nan a kan abin da bai kai ya kawo ba, suna tare wa masu buƙata hanya. Na ce yaya zan tara wa dattijo jama'a a ƙofa a kan zato, a fasa masa gida, alhali wataƙila 'yarsa ce ta zo da dare ta ɗauke shi? Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin. Ni baƙar fata ne a Landan, ina tunanin yadda zai kasance a ce an gan ni ina ɓalle ƙofar Bature.

Uwargida ta yi ta shiga tana fita. Can ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, shekara uku bawan Allahn nan ya taɓa yin tafiya bai gaya maka ba?"

Na ce, "Bai taɓa ba."

"To me muke jira?"

"Na bar wa 'yarsa saƙo. Mai makulli kuma yana tafe. Ki bari a bi abu daki-daki."

Ta ce, "Kai da kullum kake dawowa kana ba ni labarin waɗanda aka kawo a makare, yau kai ne mai cewa a jira?"

Na ɗaure fuska na ce gidan mutane ba a faɗa masa haka nan. A shekarun aurenmu in na ɗaure fuska magana ta ƙare ke nan. Ta koma kicin. Na ji tana ta motsa tukwane ba abin da take dafawa. Goma ta wuce, goma da rabi ta wuce. Sha ɗaya saura na ga ta fito da hijabinta, ba ta dube ni ba, ta buɗe ƙofa ta tsallaka gidan da ke kallon namu. Ba ta taɓa fita ba ta tambaye ni ba sai ranar.

Maƙwabcin namu mutumin Kumasi ne, ɗan zangon Hausawa mai irin Hausarsu ta can, kafinta, mai yawan barkwanci. Kwamanda yake ce mini don tsokana. Ya fito da singileti, da wani dogon ƙarfe na ɓanɓarar katako a hannu.

Ya ce, "Kwamanda, yaya? Hajiya ya ce tsoho bai buga ba."

Na ce, "Bai buga ba."

"Tun yaushe?"

"Tun bakwai."

Ya dubi agogon bangonmu, ya dube ni. Dariyar da ke fuskarsa ta ɗauke. Ya ce, "Bakwai! Kai Alhaji, kana jira Sarauniya ya ba ka takarda? Ƙofa ne fa, ba mutum ba ne. In ya karye ni zan gyara. Mu je!"

Muna isa ya durƙusa ya ɗaga murfin kafar wasiƙa, ya leƙa, ya kara kunne. Ko daƙiƙa biyar bai yi ba ya miƙe ya ce, "Yana ƙasa. Na ga ƙafa." Ya cusa ƙarfen a gefen makulli ya danna da ƙarfinsa, katako ya tsage, ƙofa ta buɗe.

Yana kwance a bakin banɗaki a kan gefensa na dama, rabin jikinsa a ciki rabi a waje. Kumfar aski ta bushe a kumatunsa ɗaya. Bakinsa ya karkace. A hannun hagunsa akwai ɗan kofin ƙarfe da yake zuba ruwan aski, ya riƙe shi gam. Idanunsa a buɗe suke, kuma ni suke kallo. Ba sai likita ya faɗa mini ba, na tura irinsa ba adadi, shanyewar ɓarin jiki ce. Sai a lokacin na kira motar asibiti, kuma ba su ɓata lokaci ba. Uwargida ta kawo bargo ta rufe shi, tana ta salati, tana goge masa kumfar da gefen hijabinta.

Asibitin da nake aiki aka kai shi. Wata likita matashiya ta tambaye ni yaushe abin ya same shi. Na ce kullum shida da rabi yake aski, don haka wajen lokacin ne. Ta dubi agogo, rana ta riga ta raba. Akwai maganin da ake yi wa mai irin wannan ciwo ya narkar da jinin da ya toshe, amma sai an kawo mutum cikin 'yan awoyin farko. Na san haka, duk mai tura gado a asibitin ya sani, don mu ake cewa mu yi gudu da su. Ta ce lokacin ya wuce. Ba ta tambaye ni me ya sa ba, ta dai rubuta. Da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ya rayu. Amma hannun dama da ƙafar dama sun tafi, Turancin da ya koya da tsufa shi ma ya tafi kusan duka, sai yarensu ya rage, shi ma da ƙyar. Kullum in na tashi aiki sai in biya in zauna kusa da gadonsa. Sai bayan mako uku, ranar 'yarsa tana nan, ya yi mata alama ta matso. Ya yi magana mai tsawo, yana tsayawa yana nishi, idonsa a kaina. Da ya gama fuskarta ta yi ja. Ta ce mini ya gaji ne, ba wani abu ba ne. Ya buga gefen gado da hannun hagu. Na ce mata, "'Yata, faɗa mini yadda ya faɗa, kada ki rage komai."

Ta ce, "Ya ce ya ji bugunka biyu a bututu. Ya ji ka buɗe ƙofarku, ya ji ka a matakala kana jan ƙafa, ya ce a ransa shi ke nan, an zo. Ya ji ƙararrawa uku. Ya yi ta buga kofi a ƙasa, amma akwai darduma a wurin, kuma hannun ba ƙarfi. Ya ce ka tsaya kamar tsawon numfashi arba'in, ya ƙirga. Da ka kara kunne da ka ji shi. Sannan ya ji ka juya, ya ji kowane taki naka har ka rufe ƙofarku."

Ta tsaya. Ya sake cewa wani abu gajere.

Ta ce, "Yana tambaya, a jirginku in ɗaki bai ba da rahoto ba, komawa kuke yi?"

Na miƙe tsaye, ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "A'a, Cif. Shiga muke yi."

Gaskiyar ke nan. An koya mini ita tun ina kurtu, an maimaita mana ita har ba iyaka. In ɗaki ya yi shiru ba a aika masa takarda, ba a jiran izini, zuwa ake yi a gani. Na san wannan doka kamar yadda na san ta mahaifina. Dokoki biyu ne suka haɗu a bakin ƙofa ɗaya, na zaɓi wadda ba za ta sa ni jin kunya ba.

Na ce ta gaya masa ina neman gafararsa. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya faɗi kalma ɗaya ya rufe ido. Ta ce kalmar da babba yake faɗa wa ƙaramin soja ce in ya gama jin bayaninsa, wato an sallame shi. Bai ƙara tayar da maganar ba har muka rabu, ni ma ban sake samun ƙarfin halin tambayarsa ba.

Bai koma benenmu ba, don mai keken guragu ba ya zama hawa na uku shi kaɗai. Mutumin da ya ce ya gama ƙaura, sai da aka sake yi masa wata, zuwa gidan kula da tsofaffi kusa da 'yarsa. Na je na duba shi sau biyu ni da uwargida. A zuwa na biyu ya riƙe hannunta ya daɗe bai saki ba. Kafin shekara ta zagayo 'yar ta kira ni ta ce ya rasu.

Na kai maganar gaban limaminmu wata Juma'a bayan an watse, na faɗa masa komai ban ɓoye ba. Ina so ne ya ce mini na bi ƙa'ida. Ya ce mahaifina bai koya mini ƙarya ba, amma an sa sallama uku ne don a tsare mutuncin mai gida, kuma ran mai gidan yana gaba da mutuncinsa. Ya ce likita ma ba zai iya rantsuwa cewa da an kai shi da wuri zai tashi garau ba, wannan sanin na Allah ne. Amma abin da aka ɗora mini shi ne in yi abin da zan iya a lokacin da zan iya, kuma ban yi ba.

Har yanzu ni mai son tsari ne, ba zan canza da tsufa ba. Sai dai abin da wannan safiya ta koya mini shi ne, duk wata doka da aka ba ka, ka nemi sanin don wa aka kafa ta, tun kafin ranar da za ka tsaya da ita a bakin ƙofar wani. Wanda ya haddace doka bai san dalilinta ba, wata rana zai bi ta sau da ƙafa ya cuci wanda aka yi ta dominsa, yana ganin ladabi yake yi. Kunyar da na guje wa ta minti ɗaya ce, da na ɗaga murfin nan na tarar da shi lafiya da haƙuri kawai zan ba shi. Na ƙi ɗaukar ta minti ɗaya, ga shi ina ɗauke da wadda ba ta da ranar saukewa.